Shekara huɗu kafin Gradle ta binne kalma ɗaya

A 2017 masu kula da Gradle, manhajar da ake harhaɗa yawancin manhajojin Android da ita, suka fara shirin sauke kalmar compile. Da ita mai rubuta manhaja ke bayyana guntayen aikin wasu da ya aro. Aibinta rashin rufin asiri: duk abin da mutum ya aro, wanda ya dogara da shi ma sai ya gada, kuma ƙaramin gyara a tushe kan tilasta sake harhaɗa duk abin da aka ɗora a kai.

Siga ta 3.4 ta raba kalmar gida biyu, api ga abin da za a bayyana, implementation ga abin da za a ɓoye. A nan gizo ke saƙar, domin sunan da ya rabu biyu ba a musanya shi ido rufe. Dole mai aikin ya bi layi-layi ya zaɓa. Shi ya sa aka bar tsohuwar tana aiki, kuma hakan daidai ne. Siga ta 6.0 ta fara gargaɗi a 2019. A Afrilun 2021 siga ta 7.0 ta cire ta, ayyukan waɗanda suka yi kunnen uwar shegu da gargaɗin suka ƙi harhaɗuwa.