Kallon Husufin Rana Daga Jirgin Sama

Kallon husufi daga jirgi dabara ce ta masana taurari, inda ake ɗora kyamarori da na'urorin tantance haske a jirgin sama domin nazarin korona, wato farin rawanin da ke kewaye da rana, wanda ido ba ya ganinsa sai wata ya rufe ta ruf. A ƙasa, gajimare da ƙura suna dushe hoto, tururin ruwa kuma yana shanye hasken infrared. Ga kuma ƙarancin lokaci: cikakken husufi ba ya kai minti takwas a wuri guda. A ranar 29 ga Maris 2006 duhun husufi ya ratsa Gusau da Katsina cikin 'yan mintoci.

Mafi shahara a wannan fanni ya faru ne a sararin Sahara, ranar 30 ga Yuni 1973. Masanin Faransa Pierre Léna ya shawo kan André Turcat, matuƙin gwaji na jirgin Concorde 001, suka bi inuwar wata. Da yake rana za ta kasance kusan tsaka, tagogin gefe ba su da amfani, sai aka huda rufin jirgin aka saka tagogi na musamman, na'urorin masana daga Faransa da Birtaniya da Amurka suna kallon sama ta cikinsu. Jirgin ya tashi daga Las Palmas, ya tari inuwar a saman Muritaniya, ya bi ta kan Mali da Nijar da gudun da ya ninka na sauti sau biyu, a tsayin kusan kilomita 17. Minti 74 suka yi cikin duhun, tsawon da har yau ba a kamo ba, kafin su sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu. Sakamakon kimiyyar bai kai girman labarin ba. Jirgin yana gidan tarihi na Le Bourget.

Babbar matsalar maƙeran irin waɗannan na'urori ita ce girgiza, domin motsi kaɗan yana ɓata hoto. Na'urar AIR-Spec, wadda aka ɗora a jirgin Gulfstream V a husufin Amurka na 21 ga Agusta 2017, tana da madubi mai saurin juyawa da ke gyara saiti duk sanda jirgin ya karkata. A husufin 2017 da na 2024, an ɗora kyamarori a hancin jiragen WB-57 na hukumar NASA.