Ruwan Iju: Famfon Da Ya Tayar Da Ƙura A Legas

Mazauna Agege da yawa sun san unguwar Iju, amma kaɗan ne suka san cewa ma'aikatar ruwan da ke can ta haura shekara ɗari, kuma an sha dambarwa a kanta.

Kafin zuwan famfo, mutanen tsibirin Legas da rijiyoyi da ruwan sama suka dogara. Ruwa mai kyau yana da tsada, har gidan Da Rocha da ke titin Kakawa ya yi suna wajen sayar da shi. Har gobe ana kiran gidan Water House.

A shekarar 1908 gwamnatin Turawa, ƙarƙashin Gwamna Egerton, ta ce za a jawo ruwan famfo daga Iju, amma talakawa ne za su biya harajin ruwa. Jama'a suka ce ba su yarda ba, domin rijiyoyinsu sun ishe su, kuma Turawa ne masu bukatar famfon, sai su biya. Aka rufe kasuwanni, dubban mutane suka yi tattaki zuwa gidan gwamna. Sarkin Legas Eshugbayi Eleko ya tsaya tare da mutanensa, Herbert Macaulay kuma ya yi ta sukar harajin.

Gwamnati ba ta fasa ba. Aka kammala aikin, Lugga ya buɗe shi a 1915. Rigimar ta shiga har cikin Babban Masallacin Legas: Limam Braimah ya goyi bayan gwamnati, akasarin jama'a suka juya masa baya, Musulmin gari suka rabu gida biyu na tsawon shekaru.

Yau ma'aikatar Iju tana nan tana aiki, sai dai garin ya fi ƙarfinta. Shi ya sa unguwanni da dama ke jiran 'yan ga-ruwa, waɗanda galibinsu 'yan uwanmu ne daga Arewa da Nijar, suna tura jarkoki gida-gida.

Iyaye, idan an yi hutun makaranta a ɗauki yara a kai su titin Kakawa, a ce su nemo gidan da kansu. Daga nan a taka da ƙafa zuwa Babban Masallaci, a ba su labarin. Allah Ya ƙara mana haɗin kai.