Wasan labari ta intanet: wace manhaja ce ta dace da Tuboro?

Wasan da ake kira jeu de rôle da Faransanci kamar tatsuniya ne, sai dai kowa yana da hannu a cikinta. Jagora yana bayyana halin da ake ciki, kowane ɗan wasa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, sannan a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Mafi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974. Ya bambanta da wasan kwamfuta irin Aurion, wanda kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016, domin a nan mutane ne ke tsara labarin da bakinsu.

Ga abokai da suka warwatsu tsakanin Tuboro, Garwa da Mundu ta Chadi, abin dubawa na farko shi ne wanda intanet ɗinsa ya fi rauni. Idan layinsa ya yanke, wasan kowa ya tsaya.

Roll20, wadda aka buɗe a 2012, ana fara amfani da ita kyauta, kuma tana da taswira da takardar bayanan gwarzo. Amma don kwamfuta aka tsara ta, a waya tana wahalarwa. Foundry VTT ta fito a 2020, dala 50 ake biya sau ɗaya, jagora kaɗai ke saya. Matsalarta ita ce yawanci kwamfutar jagoran ce ke ɗauke da wasan, don haka da an ɗauke wuta ko caji ya ƙare, an tashi. Owlbear Rodeo ta fi su sauƙi, tana buɗewa a waya.

Sau da yawa ma ba a buƙatar taswirar. Murya ta isa, kuma hoton bidiyo ne ke cinye data, gara a kashe shi. A Discord, akwai Avrae da ke jefa ɗan ludo a gaban kowa, ba mai zargin wani da maguɗi. WhatsApp ba ta da wannan, amma kusan kowa yana da ita, kuma saƙon murya yana jiran wanda ya tafi gonar auduga har ya dawo da yamma ya ba da amsarsa.