Na Tura Hoto Ta Imel An Ce Bai Buɗu Ba: Ga Inda Matsalar Take

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallah wani ƙanen abokina, sabon mawaƙi, ya tura wa mai haɗa masa fasta hotuna shida ta imel, ya kashe data ya kwanta. Da safe ya tarar da saƙo: "Malam, hotunanka ba su buɗu ba." Ya sake turawa, aka sake ce masa haka. Har ya fara zargin ko yaron ne ke masa yanga saboda bai cika kuɗin aiki ba. Waƙar da ya so ya saki ranar Sallah sai da ta kai kwana na huɗu. Alhali lafiyar hotunan ƙalau, gyaran kuma bai kai minti biyu ba.

Duk mai tura hoto don neman shiga fim, ko bangon waƙa, ko hotunan wajen ɗaukar shiri, zai ci karo da irin wannan. Kafin ka zargi kowa, ka tambayi wanda ka tura wa abu biyu: me aka rubuta a wutsiyar sunan fayil ɗin, wato haruffan da ke bayan ɗigo, kuma nawa ne nauyinsa? Amsar nan kaɗai takan nuna maka inda gizo ke saƙar.

Idan wutsiyar ta ce HEIC

Wannan shi ne babban mai laifi, shi ne ma ya kama yaron can. Tun 2017, da Apple suka fito da iOS 11, iPhone 7 da waɗanda suka biyo bayanta suke ajiye hoto a tsarin HEIC maimakon JPG da kowa ya sani. Dalilinsu mai kyau ne: hoton HEIC yana cin kusan rabin wurin da JPG ke ci, kuma kyansa bai ragu ba. Matsalar ita ce JPG tun 1992 yake, babu wayar da ba ta san shi ba, shi kuwa HEIC baƙo ne a wurin tsofaffin wayoyin Android da kwamfutoci da yawa. Laftof mai Windows 10 ma sau da yawa sai an ɗora masa HEIF Image Extensions daga Microsoft Store kafin ya buɗe. Ka tuna irin kwamfutocin da ke shagunan haɗa fasta da wankin hoto, mafi yawa sun kwana biyu, manhajojin cikinsu ma haka.

Abin da ke rikita mutane shi ne, wani lokacin iPhone tana juya hoton zuwa JPG da kanta yayin turawa, wani lokacin kuma ta bar shi yadda yake, musamman idan ta Files ka ɗauko shi ko ka ɗora shi a Google Drive. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa, "Wallahi jiya na tura masa ya buɗu!" Gaskiya ya faɗa, hanyar da ya bi ce ta bambanta.

Maganin gaba: ka shiga Settings, ka taɓa Camera, sai Formats, ka zaɓi Most Compatible. Daga nan duk hoton da ka ɗauka JPG ne. Amma fa wannan bai shafi waɗanda ka riga ka ɗauka ba. Su sai ka ajiye su a Files, ka danne hoton da yatsa, ka zaɓi Quick Actions, sai Convert Image, ka ce JPEG. Wannan yana nan a iPhone ɗin da ba ta tsufa sosai ba. Masu Samsung ku ma ku leƙa saitin kyamararku, akwai wani maɓalli na High efficiency pictures, idan a kunne yake ku kashe.

Abu ɗaya da nake roƙo a daina: goge HEIC a sunan fayil a rubuta JPG da hannu. Canja wa tuwo suna ne kawai. Abin da ke ciki yana nan yadda yake, sai ma ka ƙara ruɗa kwamfutar mutum.

Akwai masu yin sikirinshot na hoton su tura. Zai buɗu, babu musu, kuma idan don a gani ne kawai ya wadatar. Amma idan bango ne na waƙa, a'a. Kamfanonin da ke ɗora waƙoƙi a Spotify da Apple Music galibi murabba'in hoto suke nema mai 3000 a tsaye 3000 a kwance, sikirinshot ba zai kai nan ba. Da an buga shi a babbar fasta sai ka ga fuska ta dushe kamar an shafa mata toka.

Shafukan intanet masu juya hoto kyauta suna aiki, sai dai ni ba na ba da shawararsu ga hoton da ba ka so ya fita. Fastar fim ɗin da ba a sanar ba, ko hotunan biki na iyali, kana ɗorawa ka miƙa su ga mutanen da ba ka sani ba. Mun dai ga yadda hoto guda ke jawo wa mutum surutun da zai shekara bai wanke kansa ba.

Sauran wutsiyoyi

WEBP na Google ne, tun 2010, kuma shi ne yawanci kake samu idan ka sauke hoton jarumi daga wani shafi. Sababbin wayoyi suna buɗe shi, tsofaffin manhajojin gyaran hoto ne ke ƙi. CR2 da NEF ɗanyen hoto ne kai tsaye daga kyamarar Canon da Nikon, ka ce wa mai hoton ya fitar maka da JPG. PSD kuwa fayil ɗin aikin Photoshop ne, mai zanen ya yi mantuwa ya turo maka tukunya maimakon ya zuba a kwano. Idan kuma winmail.dat ka gani, daga Outlook na kwamfuta aka turo, sai mai turowar ya mayar da tsarin saƙonsa HTML ya sake aikowa.

Idan nauyi ne

Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a saƙo ɗaya. Hotunan kyamara masu kyau biyar ko shida sun isa su cika wannan. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: imel yana kumbura fayil da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, hotunan megabayit 18 sukan koma wajen 24, wasu akwatunan kuma ba sa karɓar mai nauyin haka.

Idan ka wuce iyaka, Gmail ba zai ce maka a'a ba. Zai ɗora hotunan a Google Drive ya tura linki. Kai a wajenka komai ya tafi daidai, shi kuwa can yana taɓawa sai a ce masa ba shi da izini. Ka koma Drive, ka taɓa Share, ka sa adireshinsa, ko ka mayar da shi Anyone with the link. Kuma kada ka goge hotunan daga Drive don neman wuri kafin ya sauke, kana gogewa linkin ya mutu. Na iPhone mai suna Mail Drop shi kwana 30 yake yi ya ɓace.

Wani lokacin ma saƙon bai isa ba sam. Google gigabayit 15 yake ba kowa kyauta, Gmail da Drive da Google Photos duk a ciki suke ci, tun 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ta shigo cikin lissafin. Wanda ya tara bidiyon waƙoƙi da finafinai a WhatsApp, akwatinsa na iya cika bai sani ba, sabon saƙo ya daina shiga.

Idan sabis ne

Fayil ya nuna 0KB, ko hoton ya buɗu rabi sama fes ƙasa toka-toka? Sabis ne ya yanke ana tsakiyar ɗorawa ko saukewa. Mai karɓa ya goge ya sake saukewa inda sabis ke da ƙarfi, ya kuma duba ko wayarsa ta cika. Kai ma ka leƙa Sent ka buɗe hoton da kanka. Idan saƙon na maƙale a Outbox, bai ma bar wayarka ba. Sannan a kula, Reply ba ya tafiya da hoton da ke saƙon farko. Idan darakta ya ce ka tura wa furodusa hotunan nan, Forward za ka danna.

Akwai fayil ɗin da rashin buɗuwarsa alheri ne. Idan wani da ba ka sani ba ya turo maka "sababbin hotunan jaruma wance" ka ga sunan ya ƙare da apk ko exe, ko da akwai jpg a tsakiya, wannan ba hoto ba ne, manhaja ce ake so ka ɗora wa wayarka. Goge shi kawai.

Idan lokaci ya ƙure kuma imel ya ƙi, WhatsApp zai fitar da kai, amma ka tura a matsayin Document. Ta hanyar da aka saba WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, ta Document kuwa yadda yake haka zai isa. Yadda yake ɗin nan ya haɗa da wutsiyarsa, saboda haka idan HEIC ne sai ka fara juya shi zuwa JPG, in ba haka ba gobe da safe ka sake tarar da saƙon nan na mai fasta.