Makunnin 35S

Makunnin 35S ɗan guntun DNA ne da aka ciro daga ƙwayar cutar da ke sa ganyen farin kabeji dabbare-dabbare, wadda masana ke kira CaMV. Aikin makunni shi ne ya umurci ƙwayar gadon da ke gabansa ta soma aiki. Yawancin makunnan tsiro suna da wurinsu da lokacinsu, shi kuwa wannan a kunne yake kusan ko'ina, daga saiwa har ganye, domin cutar ta saba tilasta wa tsiro ya yi mata bauta ba hutu.

Wani masani mai suna Tompkins ya bayyana cutar a Kalifoniya a 1937, sai Robert Shepherd ya nuna a 1968 cewa DNA take ɗauke da shi, abin da ba a taɓa gani a cutar tsiro irinta ba.

Ana yawan cewa a 1985 aka gano makunnin, amma wannan rage wa wasu hakkinsu ne. Tun 1980 masana a Strasbourg ta Faransa suka karance harufan DNA ɗin cutar duka 8,024. Tsakanin 1981 da 1982 su da na cibiyar John Innes a Ingila suka gano saƙonni biyu na RNA da take fitarwa, 19S da 35S, da inda kowanne ke farawa. Daga babban ne sunan ya samo asali. Abin da Odell da Nagy da Chua suka yi a Jami'ar Rockefeller a 1985 shi ne gutsure makunnin kaɗan-kaɗan, suna dasa shi a taba, har iyakarsa ta fito. A 1987 Kay da abokansa suka ninka wani sashensa, ƙarfin ya ƙaru kamar sau goma. Benfey da Chua kuma suka nuna ashe haɗaka ce: sashe na kusa da ƙwayar gadon ya fi aiki a saiwa, na nesa a ganye.

Kamfanin Monsanto ya sami lasisin mallakarsa a Amurka a 1994, makunnin kuma ya bazu a gonaki cikin waken suyan Roundup Ready a 1996. A shinkafa da masara ƙarfinsa kan ragu, shi ya sa aka koma ga makunnan hatsin kansu. Ɗakunan gwaji kuwa shi suke fara nema idan ana zargin an sauya wa iri halitta.