Magani Ɗaya, Majinyata Biyu: Foland Da Rasha Bayan Gurguzu

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, tarihi zan taɓo.

Da mulkin gurguzu ya rushe, a Gabashin Turai a 1989, a Tarayyar Sobiyat kuma a 1991, ƙasashen da gwamnati ke yanka farashin komai, daga burodi har takalmi, suka koma tsarin kasuwa. Baitulmali babu komai, ga bashi ya yi katutu. Foland da Rasha ne suka fi jan hankalina, domin magani ɗaya suka sha, har mashawarcinsu ɗaya ne, Ba'amurke Jeffrey Sachs.

A Janairun 1990 ministan kuɗin Foland, Leszek Balcerowicz, ya sakar wa farashi mara. Ƙasashen Yamma suka tara dala biliyan 1 don tokare darajar kuɗin ƙasar. A 1991 kuma ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris, wadda ta sassauta wa Nijeriya a 2005, ta amince ta yafe rabin bashin kusan dala biliyan 33. An sha wuya, masana'antu sun rufe, amma daga 1992 tattalin arziki ya fara farfaɗowa. A 2004 Foland ta shiga Tarayyar Turai.

Rasha fa? Yegor Gaidar ya saki farashi a Janairun 1992. A Afrilu aka yi mata alkawarin dala biliyan 24, ciki har da biliyan 6 na tokare rubul, asusun da bai taɓa aiki ba. Bashin Sobiyat da ta gada ba a yafe shi ba, ɗage lokacin biya aka yi ta yi. A shekarar farashi ya ninka fiye da sau 20, ajiyar tsofaffi ta zama takarda. A Yulin 1998 Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ya ba ta dala biliyan 4.8, a Agusta ta kasa biyan bashinta.

Ban wanke shugabannin Rasha ba. Babban bankinsu ya yi ta buga kuɗi, a 1995 kuma suka fara miƙa wa 'yan tsirarun attajirai kamfanonin mai da ma'adinai a banza. Amma a ganina, wanda aka sauke wa kaya kafin ya hau tudu, da wanda aka ƙara wa, ba a sa ran su iso tare.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.