Daga Gora Zuwa Dikoda: Tarihin Eriya a Zariya

Yau zan taɓo tarihin eriyar talabijin a Samaru da Sabon Gari.

Talabijin ta fara a Nijeriya a Ibadan a 1959. A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda ɓangaren talabijin ɗinsa ya koma hannun NTA bayan an kafa ta a 1977. To, tsakanin Kaduna da Zariya kusan kilomita 80 ne, kuma saƙon talabijin miƙe yake tafiya, tudu ko gini na iya tare shi. Shi ya sa 'yar eriyar kan akwati ba ta wadatarwa, sai an ɗaga ta waje.

Mai hali, irin malaman jami'a da 'yan kasuwar Sabon Gari, ya kafa bututun ƙarfe. Mu sauran kuwa gora ce, a ɗaure ta da waya a jikin katanga. A samanta a ɗora eriyar nan mai kama da ƙashin kifi, wadda wasu Japanawa biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a 1926. Bakinta a saita shi kudu, wajen Kaduna. Iska na kaɗawa hoto ya yi dishi-dishi, ga Samanja ana shirin farawa. Sai a tura yaro waje.

"Ya yi?"

"Ɗan ƙara! Tsaya nan, kar ka motsa!"

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan ilimin bai tsufa ba. A Disamban 2017 aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Kaduna, amma dikodar da ba ta aiki da tauraron ɗan'adam har gobe eriya take nema. Da, in saƙo ya yi rauni, ka kalla a haka. Yanzu hoto daskarewa yake, ko ya ɗauke ɗungurungum. Sai mutum ya zargi dikoda ya sayo wata, alhali eriyarsa ce a ƙasa, ko ruwa ya shiga wayar.

Ku ɗaga ta, ku saita ta, ku naɗe mahaɗar wayar. Don Allah ku nisanci wayar lantarki, kuma in hadari ya taso kar wanda ya hau kwano.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.